Na'urar gano zinare: Abin da ya kamata a sani kafin a saya

Tun da aka gano zinare a Djado da ke arewacin Nijar a shekarar 2014, dubban matasa suka kwarara cikin hamada, da yawansu riƙe da na'urar gano ƙarfe. Sai dai ba kowace na'ura ce ke dacewa da kowace irin ƙasa ba.

Nau'i biyu ne suka fi shahara. Na farko, VLF, ya fi araha, ba shi da nauyi, kuma yana jin ƙananan gutsattsarin zinare da ke kusa da doron ƙasa. Rauninsa shi ne ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe, irin marmara, takan rikita shi ya riƙa ƙara babu gaira babu dalili.

Na biyu, PI, kamar GPX 5000 ta kamfanin Minelab na Ostireliya, yana jure irin wannan ƙasa, yana kuma jin manyan curi masu zurfi, amma yana da tsada da nauyi, kuma ba ya bambance zinare da tsohuwar ƙusa sosai.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke gano garin zinaren da ke cikin dutse, wanda sai an niƙa an wanke. Jabun na'urori kuma sun yawaita, don haka masu saye kan tabbatar da lambar na'ura a wajen dillalin da kamfani ya amince da shi.

A Najeriya, mallakar na'ura ba izinin haƙa ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa ikon ma'adinai ga gwamnatin tarayya, kuma haƙa ba tare da lasisi ba laifi ne.