Ma'aunai Uku a Kasuwar Daura

Tun kafin a buɗe makarantun nazarin kasuwanci, fataken ƙasar Daura suna da amsarsu ga tambayar da ta daɗe tana damun masana: mene ne ke sa ciniki ya zama na gaskiya?

Ma'auni na farko shi ne hali. Bafatake yakan sauka gidan fatoma, ya danƙa masa dukiyarsa ba takarda ba shaida, dillali kuma ya sayar da dabbar da ba tasa ba. Jarinsu amana ce, hukuncin wanda ya ci ta kuwa zubewar mutunci. Wannan ya yi kusa da koyarwar Aristotal, wadda ke duban nagartar mutum kafin aikinsa.

Na biyu shi ne hukunci. Jihadin da aka fara a 1804 ya iso Daura, Malam Ishaku ya karɓi gari, Sarkin Gwari Abdu ya fice. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki abin da masu iko da kasuwa ke karɓa daga hannun mahauta da sauran masu sayarwa. A fiƙihun Malikiyya, riba da algus da tauye mudu haramun ne ko da kowa ya amince. Kant na Jamus ma ya fifita wajibi a kan amfani, sai dai shi daga hankali ya ɗauko hujjarsa.

Na uku shi ne sakamako, wato auna amfanin jama'a, kamar yadda Bentam da Mil na Ingila suka koyar. Da irin wannan hujja gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, domin kare manoman shinkafa.

A Kongolam da kasuwar Mai'aduwa aka ga yadda ma'aunan ke karo. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi da abokan ciniki. Ɗan kasuwar da ya karɓi kayan amininsa na Matamai bashi, idan ya bi doka ya tsaya, ya karya alkawari. Idan ya bi ta daji, ya zama ɗan fasa-ƙwauri.

Saboda haka, duk dokar da aka gina kan amfanin mutane da yawa, wajibi ne ta lissafa amanar da za ta karya, domin ita ce ta riƙe kasuwa tun ba a shata iyaka ba.