Farin Layi a Kan Gilashi: Yadda Zariya Ta Gaggauta Gano Sanƙarau da Ciwon Huhu

Idan ka fito daga cikin birnin Zariya ta Ƙofar Doka ka nufi Tudun Wada, za ka tarar da tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake ganin marasa lafiya kafin a koma Shika a 2005. Ko ka san a nan aka yi wani bincike da likitocin duniya ke ambatonsa har yau?

A shekarun 1970, da zarar hunturu ya kama har zuwa bazara, asibitin kan cika da masu ciwon huhu da masu sanƙarau. Matsalar likita ita ce lokaci. Kafin ya san ƙwayar cutar da yake yaƙa, sai an shuka kakin majinyaci ko ruwan ƙashin bayansa a ɗakin gwaje-gwaje, a jira kwana ɗaya ko biyu ta tsiro. In kuwa mutum ya riga ya sha magani a gida, sau da yawa ba ta tsirowa sam. Sanƙarau kuma ba ya jira, yana iya kashe yaro cikin yini guda.

A 1971, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokiyar aikinsu suka wallafa wata hanya a mujallar Lancet. Dabarar ita ce, ba sai ka kama ƙwayar cutar da rai ba, rigarta ma ta isa shaida. Ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau da nimoniya suna lulluɓe da wani ɓawo na sukari, wanda ke zubewa cikin ruwan jiki ko da magani ya kashe su.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa wani abu mai kama da jeli a kan gilashi, a huda ramuka biyu. A ɗiga ruwan majinyaci a ɗaya, a ɗaya kuma a ɗiga sinadarin garkuwar jiki da ya san wannan ɓawon. Sai a saki lantarki, su nufo juna. In ɓawon yana nan, inda suka haɗu sai farin layi ya fito, cikin kamar awa ɗaya.

A 1975, Peter Tugwell da Greenwood suka gwada hanyar a kan masu nimoniya a Zariya, suka sami ɓawon a kaki da jini, har da fitsari. Daga baya, a 1979, ƙungiyar da Dakta Sadiq Wali ke ciki ta nuna cewa allura ɗaya ta chloramphenicol mai maiƙo na iya warkar da sanƙarau. Wannan allura ta yi shekaru tana ceton rayuka a lokutan annoba a Afirka, musamman a ƙauyukan da babu mai yi wa majinyaci allura sau huɗu a rana.

Yau an daina amfani da wancan gilashi, amma tunanin yana nan. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga jini layi ya fito, shi ma alamar ƙwayar cuta yake nema. Don haka in zazzaɓi da tari suka kama ɗanka, ko wuyansa ya sanƙare, kada ka tsaya gwada magani a kemis. Kai shi asibiti a ranar, a yi masa gwaji.