Tarihin "Sake Gwadawa": Yadda Yaren Lisp Ya Koya Wa Kwamfuta Abin Yi Idan Ta Yi Tuntuɓe



Ko ka taɓa cike fom a waya, ka saka suna, ka saka lamba, ka ɗora hoto, kana dannawa ya tafi sai sabis ya ɗauke, manhajar ta mayar da kai farko kamar ba ka rubuta komai ba? Idan kana Sabon Birni ko Isa, ba sai an ba ka labari ba. Tun da aka rufe layukan waya a yankin cikin watan Satumban 2021, kowa ya san darajar ɗan sabis ɗin da ya samu. To amma ba laifin sabis kaɗai ba ne. Wanda ya rubuta manhajar shi ya yanke abin da za ta yi idan ta ci karo da matsala, kuma wannan shawara tana da tarihi na sama da shekara 60.

Bari mu fara da misali. Ka aiki yaro daga Isa zuwa kasuwar Sabon Birni ya sayo maka buhun gero, ya je ya tarar babu gero sai dawa. Yaro na farko ya ruɗe ya watsar da aiken. Na biyu ya hau babur ya dawo gida hannu rabbana ya ce maka babu. Na uku yana tsaye gaban mai hatsi ya kira ka: "Maigida, babu gero. In sayo dawa, in jira a kawo, ko in dawo?" A hanyar da kowa ya san halin da take ciki, wanne ka fi so? Riƙe yaran nan uku a ranka.

Lisp yaren rubuta manhaja ne da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958 a jami'ar MIT da ke Amurka. A wancan zamani kwamfuta yaro na farko ce: kuskure ɗaya, aiki ya tsaya, sai a sake daga tushe. Littafin koyar da LISP 1.5 na 1962 ya zo da wani umarni mai suna ERRORSET. Idan ka saka aiki a cikinsa kuma aikin ya lalace, manhajar ba za ta mutu ba, za ta dawo maka da alamar cewa ba a dace ba. An samu yaro na biyu kenan.

Sai masu rubuta manhaja suka fara wayo. A reshen da ake kira Maclisp, wasu kan haddasa kuskure da gangan don kawai su tsallake daga tsakiyar aiki zuwa waje, har ya zama ba a bambance kuskuren gaskiya da na ganganci. Don raba wannan gardama, a 1972 aka ƙara umarni biyu, CATCH da THROW, wato cafe da jefa. Idan ka taɓa leƙa yaren Java ko Kotlin da ake rubuta manhajojin Android da su, ka ga waɗannan kalmomi biyu. Daga Lisp suka samo asali.

Yaro na uku ya zo ne daga kamfanin Symbolics, mai ƙera kwamfutoci na musamman don Lisp a shekarun 1980. Injiniyoyinsa, irin su Daniel Weinreb da David Moon, sun ɗauko darasi daga tsohon tsarin Multics suka gina sabuwar hanya. Kent Pitman ne ya tsara ta don Common Lisp, ta shiga littafin Guy Steele bugu na biyu a 1990, sannan ta zama doka a ƙa'idar ANSI ta 1994.

Ga yadda take aiki. An raba lamarin gida uku. Ɓangaren da ya hango matsala yana shelanta ta da umarnin error ko signal. A nan wurin kuma yana jera hanyoyin fita da restart-case: sake gwadawa, amfani da wani abu a madadin, tsallakewa, ko haƙura. Shi kuwa ɓangaren da ke sama, wanda ya san manufar aikin gaba ɗaya, yana saurare da handler-bind, shi ne mai zaɓa. Sirrin shi ne, kafin a zaɓa ba a rushe komai ba. Yaro yana nan gaban mai hatsi, kuɗi na aljihunsa. Idan babu ɓangaren da ya amsa, sai a miƙa wa mutum jerin zaɓin ya danna wanda yake so. Mai son salon yaro na biyu ma an tanadar masa handler-case.

Kada ka ɗauka wasan ɗakin karatu ne. A watan Mayun 1999, hukumar NASA ta bar wata manhajar Lisp mai suna Remote Agent ta tuƙa kumbon Deep Space 1. Ana cikin gwaji sai ta cije, sassanta biyu kowane na jiran ɗaya. Kumbon na nesa da duniya da miliyoyin kilomita, ba mai zuwa ya taɓa shi. Amma da yake Lisp na bari a yi wa manhaja tambaya tana cikin aiki, injiniyoyi suka binciko matsalar daga ƙasa, aka ci gaba da gwajin.

To me ya sa wayarka ba ta bin wannan hanya? A farkon shekarun 1990 kwamitin yaren C++ ya yi muhawara a kai, ya zaɓi yaro na biyu, bisa hujjar cewa ci gaba daga wurin da aka tsaya yana da wuyar tsarawa kuma ba a cika amfani da shi ba. Java ta bi sahu. Saboda haka a yau, idan manhaja ta adana maka abin da ka rubuta ta nuna maka maɓallin sake gwadawa, mai rubuta ta ne ya zauna ya gina shi da hannunsa. Idan ya yi kasala, kai ne za ka biya da datarka.

Kana iya gani da idonka. Sauke Termux, ka rubuta pkg install ecl, sannan ka rubuta ecl. Sai ka saka wannan:

(progn (cerror "Ci gaba" "Sabis ya yanke") (print "An gama"))

Zai tsaya ya nuna maka matsalar da jerin zaɓi. Rubuta (continue), za ka ga "An gama" ya fito. Aikin bai koma farko ba, daga inda ya tsaya ya ɗora.

Shawara biyu kafin mu rabu. Kafin ka dogara da manhajar cike fom, cike rabi ka kashe data ka ga ko za ta riƙe abin da ka rubuta. Amma ban da ta kuɗi. Idan ka tura kuɗi ta ce bai tafi ba, kada ka yi saurin sake turawa. Wataƙila kuɗin ya fita, amsar ce ta maƙale a hanya. Duba ragowar kuɗinka da jerin abin da ka tura tukuna.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.