Kamarar ƙwararru ta DSLR: abin da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗɗi

 Ɗaukar hoto na cikin sana'o'in da ake kafa matashi da su, domin biki, suna, saukar karatu, hoton takardu da filin kokowa duka suna neman mai hoto. Sau da yawa wanda ke waje ne yake aiko da kuɗɗin kamara, ko ya sayo ta ya aiko, alhali da shi da mai karɓa ba wanda ya san sirrinta. Shi ya sa muka kawo muku bayani kan babbar kamarar da ake ce ma DSLR, tare da misalin guda da ta yi suna, wato Canon EOS 5D Mark III.

Yadda take aiki

A bayan idon kamarar akwai ɗan madubi a jingine. Haske ya shigo ta ido, madubin ya tura shi sama zuwa ƴar tagar da mai hoto ke leƙawa. Ke nan abin da ya gani shi ne abin da zai fito. Da ya danna, madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, hasken ya sauka kan allon da ke kama hoto. Ƙarar "kacak" da kuke ji, motsin madubi da labulen nan ne. Kuma idon ana cire shi a sa wani, gwargwadon aikin da za a yi.

Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fara sayar da irin wagga kamara a 1991. Nikon na Japan ya fito da D1 a 1999. A 2008 Canon ya kawo 5D Mark II mai ɗaukar bidiyo mai kyau, har masu shirya fim suka rungume ta. Mark III ta biyo baya a 2012, a kan dalar Amurka 3,499, ban da kuɗɗin ido.

Abin da take iyawa

Ƙarfinta yana ga allon kama haske, mai tsawon milimita 36 da faɗin 24. Ya ninka na salular yau da kullum fiye da sau 20. Babban allo yana tara haske da yawa, don haka hoton amarya cikin ɗaki, ko na taro bayan magariba, yana fita tas inda na salula ke yin dishi-dishi.

Tana da megafiksel 22.3, wato ɗigo sama da miliyan 22 a hoto guda. Kada wannan lamba ta ruɗe ku. Hoton da ake wankewa mai santimita 10 da 15, megafiksel 2 ko 3 sun ishe shi. Na 22 ya kai a buga babban hoton ratayawa a bango mai kusan rabin mita.

Tana ɗaukar hoto 6 cikin daƙiƙa guda, tana da wuraren saiti 61 da ke kama abin da ake nufi ko yana motsi, labulenta kuma yana iya buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 8,000 na daƙiƙa. A filin kokowa, wanga shi ke kama lokacin da gwiwa ta taɓa ƙasa. Tana cin katin memuwar biyu, CF da SD, ana iya sa ta rubuta hoto a kan duka biyun. In ɗaya ya lalace, hoton bikin mutane bai salwanta ba.

Sai dai ba ta da fitilar walƙiya a jikinta, daban ake saye. Ba ta tura hoto zuwa salula da kanta, sai an cire katin. Bidiyo kuma yana tsayawa in ya kusa minti 30, sai a sake dannawa. Nauyinta da batir ya kusa kilo guda tun ba a sa ido ba.

Ƙura, zafi da wuta

Kamfanin ya ce ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Mu kuwa a jihar Maraɗi, Afrilu da Mayu zafi yana wuce haka. Kada a bar ta cikin rana ko bisa babur, a ajiye ta inuwa cikin jakarta. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: duk sanda aka cire ido a fili, ƙura ta samu ƙofa, sai a riƙa ganin baƙaƙen ɗigo a kowane hoto. A canza ido cikin ɗaki, bakin kamarar yana kallon ƙasa. Kada a hura ciki da baki, kada a goge da gefen riga. Akwai ƴar robar hura iska da aka yi don haka.

Batirinta, LP-E6, yana ɗaukar hoto kamar 950 in sabo ne kuma ta taga ake leƙawa. Bidiyo yana shanye shi da wuri. Ba ta cin caji da wayar salula, cajarta daban take, tana son lantarki ko sola mai injin juya wuta. Mai aiki a ƙauye ya nemi batir biyu ko uku.

In za a sayi ta hannu

Yanzu manyan kamfanoni sun karkata ga kamara marar madubi. Canon EOS-1D X Mark III da Nikon D6, duka na 2020, su ne manyan DSLR na ƙarshe da suka fitar. Masu hoto na ƙasashen waje suna ta sayar da tsofaffinsu, shi ya sa na okaziyo suka yi sauƙi. To, a Maraɗi za a saya, ko Kano, ko Turai, a duba waɗannan:

Na ɗaya, yawan hoton da ta ɗauka. Labulen Mark III an yi shi don kamar 150,000. Ba ta nuna lissafin da kanta, sai an haɗa ta da kwamfuta. Mai sayarwa ya nuna muku.

Na biyu, a ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, an matse ƙofar ido zuwa f/16, a duba ko akwai ɗigo ko zane.

Na uku, ido. Mark III tana karɓar mai alamar EF, ba ta karɓar EF-S, na Nikon ma ba ya hawa kanta kai tsaye. Mai farawa, 50mm f/1.8 ya fi araha kuma yana da kyau a ɗaki mai duhu. 24-105mm shi ne na kowane aiki. A haska tocila cikin gilashin a ga ko ya yi hazo.

Na huɗu, a tabbata akwai caja, batir da murfin ido.

Ga ƴan uwa na waje, kada duka kuɗɗin su tafi kan gangar jikin kamara. A rage na ido, da batir, da fitila, da na koyo wurin wanda ya riga shi sana'a. Mai hoto kuma in zai aiko muku da hotunan gida ta WhatsApp, ya tura su a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar tana matse su, kyawun ya ragu. Sayen nagari, mai da kuɗɗi gida. Allah ya sa albarka cikin nema.