Yadda ake aika jin taɓi daga nesa ba tare da cunkushe layi ba

Tace saƙon taɓi bisa ma'aunin jin ɗan Adam dabara ce da ake amfani da ita wajen sarrafa mutum-mutumi daga nesa. Mai aiki yana riƙe da hannun na'ura a wani gari, mutum-mutumin yana wani garin, kuma nauyi ko taurin duk abin da ya taɓa na dawowa hannun mai aikin ta intanet. Ana nazarin wannan domin ayyuka irin su tiyata daga nesa da kwance nakiya.

Domin taɓin ya zo daidai, na'urar kan auna ƙarfi sau 1000 a kowace daƙiƙa. In aka aika kowane awo, layi kan cunkushe, saƙo ya makara, hannun na'ura ya soma karkarwa. A wajen tiyata, wannan hatsari ne ga rai.

Maganin ya samo asali daga binciken Ernst Weber, masanin aikin jiki a jami'ar Leipzig ta Jamus. A 1834 ya nuna cewa mutum ba ya jin canjin nauyi sai canjin ya kai wani kaso na abin da yake ɗauke da shi. Wanda ke riƙe da tiya ɗaya ta gero zai ji in an ƙara masa ludayi biyu, amma mai ɗauke da buhu ba zai ji ba. A ƙarfin da hannu ke ji, kason yana wajen 7 zuwa 10 cikin 100.

Saboda haka na'urar ba ta aika sabon awo sai ya bambanta da na baya fiye da wannan kaso. Kafin nan, ɗaya ɓangaren na ci gaba da aiki da awon ƙarshe. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Munich, cikinsu har da Eckehard Steinbach, sun nuna cewa ana iya rage saƙonnin da kusan kashi 90 cikin 100 ba tare da mai aiki ya lura ba.

Sai dai dabarar na da iyaka. In aka faɗaɗa kason fiye da kima, abu mai santsi sai a ji shi da kaushi. Kuma rage yawan saƙo ba ya kawar da jinkirin da nisan hanya ke jawowa.