Sarƙa Fitowa a Wasan Kwaikwayo: Wa Ya Ari Wa?

Sau da yawa mukan ji ɗalibai na cewa dabarar nan ta sarƙa fitowa daga silima ta shigo dandamali. Abin da muke nufi da sarƙa fitowa shi ne a ɗauki al'amura biyu ko fiye, masu faruwa a wurare ko lokuta dabam-dabam, a riƙa yanke wannan ana komawa wancan, har ɗan kallo ya auna su da kansa. Idan muka bi tarihi za mu ga cewa maganar ɗaliban tana da gyara.

Tun a zamanin Shakespeare dandamali ya san wannan dabara. Gidan wasa na Globe, wanda aka gina a Landan a 1599, ba shi da wasu kayan ƙawa masu nauyi. 'Yan wasa na fita ta wata ƙofa, wasu na shigowa ta ɗaya, shi ke nan an sauya gari. Wannan ne ya ba shi damar saƙa labarin Sarki Lear da 'ya'yansa mata da na Gloucester da 'ya'yansa maza a wasa guda, kowane uba yana zama madubin ɗan'uwansa.

Abin da ya daƙile dabarar shi ne ƙa'ida da kaya. Masanan Faransa na ƙarni na 17 sun dage a kan wuri ɗaya da yini ɗaya. Daga baya kuma, a ƙarni na 19, aka cika dandamali da kujeru da bango na zahiri, har Ibsen ya tsare wasansa A Doll's House na 1879 a falo guda. Wanda zai kwashe falo kafin ya nuna kasuwa kuwa, ai ba zai so yawan kai-da-komo ba.

A nan ne silima ta tsinci dami a kala. A fim ɗin The Lonely Villa na 1909, D. W. Griffith ya riƙa yanka tsakanin ɓarayi masu fasa ƙofa, da uwa da 'ya'yanta a ɗaki, da maigida mai sukuwa zuwa ceto. Abin lura shi ne, tushen labarin wani wasan dandamali ne na Faransa. A 1916 ya zarce da Intolerance, inda ya sarƙa zamunna huɗu, daga Babila ta dā zuwa Amurka ta lokacinsa. Silima ta ƙara wa dabarar sauri, wannan ba mu musa ba.

Wutar lantarki ce ta mayar wa dandamali da kayansa. Da aka iya haska kusurwa ɗaya a bar sauran cikin duhu, sai fitila ta zama almakashi. Da ita Arthur Miller ya shigar da jiya cikin yau a Death of a Salesman na 1949, inda Willy Loman ke karta da maƙwabcinsa yana kuma zance da yayansa da ya mutu.

A ganinmu, misali mafi ƙarfi yana nan gida. A Death and the King's Horseman na 1975, Wole Soyinka ya jera fitowa biyar. Ta farko a kasuwar Oyo, inda Elesin ke shirin bin sarkinsa lahira; ta biyu a gidan Di'o Pilkings, shi da matarsa suna gwajin rawar Turawa sanye da tufafin egungun da aka ƙwace; ta uku a koma kasuwa; ta huɗu a wurin liyafar rawa ta Turawa; ta biyar a ɗakin da aka tsare Elesin. Babu wanda ya tsaya ya yi wa ɗan kallo wa'azi a kan mulkin mallaka kafin ya gane inda aka dosa. Gangunan kasuwa suna kutsawa cikin falon Di'o, kuma abin da ke batun rai da mutuwa a can, a nan damuwa ce mai neman ɓata masa dare. Soyinka ya ma ba da umarnin a yi wasan ba hutu a tsakiya, a yi amfani da kayan dandamali masu sauƙin juyawa. Da aka fara nuna shi a Jami'ar Ife a 1976, shi da kansa ya shirya shi.