Fumfuna a Gidan Haya: Abin da Ya Rataya a Wuyan Mai Gida

Fumfuna ita ce baƙin tabo ko kore da ke fitowa a bango, silin da bayan katifa idan ɗaki ya daɗe da danshi. A kudancin Jihar Katsina, kamar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ta fi yawa a watan Agusta da Satumba. Mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu kan cunkushe a ɗaki ɗaya na haya, wanda hakan ke ƙara danshi.

Illarta ga lafiya

Fumfuna na sakin ƙananan ƙwayoyi a iska waɗanda ake shaƙa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji da suka danganta zama a ɗaki mai danshi da tari, toshewar hanci da tashin asma. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara, tsofaffi, masu asma da masu raunin garkuwar jiki. Ga wanda ya taɓa yin tarin fuka, nau'in Aspergillus na iya zama a ramin da cutar ta bari a huhu.

Matakan da mai gida zai ɗauka

1. Ya je ya duba da zarar ɗan haya ya kawo ƙorafi.
2. Ya gano inda ruwa ke shigowa: yoyon kwano, toshewar indararo, fashewar bututu ko ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Shafa fenti a kan tabon ba magani ba ne, za ta dawo.
3. A busar da wurin da ya jiƙe cikin kwana biyu.
4. A wanke bangon siminti da sabulu, ko da kofi ɗaya na bilic cikin lita 4 na ruwa. A sa safar hannu da takunkumi, a buɗe tagogi, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadari.
5. Silin da ya ruɓe a canza shi. Ginin ƙasa kuwa a kankare, a sake yaɓe.
6. A fitar da yara da masu asma har a gama aiki.

Ɗan haya kuma ya riƙa buɗe taga, ya daina shanya a ɗaki, ya janye katifa daga bango.

Yaushe za a je asibiti?

Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan ana tari da jini ko numfashi na sarƙewa, a garzaya asibiti nan take.